Minti Tara a Bayan Labule

Duk kasuwar Taphan Hin ba za ka sami mutum ɗaya da zai buga ƙirji ya ce ya taɓa cutar Pa Lamduan, wato Goggo Lamduan, ko da baht ɗaya ba. Ba don ba a gwada ba. Masu kawo kifi daga kogi sun gwada, su jera manya a sama su cusa ƙanana a ƙasa, ita kuwa hannu kawai take zurawa har gindin kwando ta zaro na ƙasan ta ɗora wa mutum a kan sikeli. Shekara ashirin da biyu teburina yana manne da nata, ni ina matse madarar kwakwa, ita tana sayar da tsimammen kifi da dakakken yaji, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Sunana Sangwan, kuma in ka tambaya a kasuwa za a ce maka ina da son jin ƙwaƙwaf. Ban musa ba.

A gidan katako mai yawo a kan kogin Nan aka haifi Lamduan. Aji huɗu ta yi a makaranta, uwarta ta cire ta ta ɗora mata tallan kifi. Tana da shekara ashirin ta auri Thawin, dogon mutum marar magana, mai keken babur da yake dakon kayan 'yan kasuwa. 'Yarsu ɗaya, Kung, tana aiki a wata masana'anta a Rayong. Ita ce ta buɗe wa uwar asusun banki ta karɓo mata kati, da mutane suka koma biyan kuɗin yaji ta waya. Katin yana cikin walat, walat ɗin yana cikin aljihun gaban zanen aikinta mai zif, zif ɗin kuma an soke shi da fil. Ko banɗaki za ta shiga, da shi take shiga.

Lung Thawin, wato Kawu Thawin, mutumin kirki ne, sai dai yana da tabo. A da caca yake yi a filin faɗan zakaru, har ya kai ga gonar shinkafar da Lamduan ta gada daga uwarta ta salwanta a kan wani jan zakara da ya juya ya gudu. Shekara goma sha biyu ke nan. Ya aske kai, ya ɗauki mayafin ibada ya zauna a haikali kwana goma sha biyar, ya fito ya rantse a gaban dangi cewa ya bari. Ita kuma a gaban dangin ta ce masa, “Uban Kung, na yarda. Amma ranar da ka sake, ba faɗa, ba kuka. Kayanka za ka tarar a ƙofa.” Tun daga ranar kullum da yamma yake juye mata abin da ya samu, ta ware masa baht sittin na mai da shayi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Tana da wata al'ada. Duk ƙarshen wata, in kasuwa ta watse, sai ta ɗauki ɗan littafinta na banki ta je ta zura a na'urar da ke buga abin da ya shiga da abin da ya fita. An sha ce mata ta yi rajistar saƙon waya, ta ce baht goma a wata don a faɗa mata abin da ta riga ta sani, ai ɓarna ce. A watan Fabrairu ba ta je ba, ƙafa ta matsa mata. A ƙarshen Maris na raka ta, don ni ma ina da abin yi a can.

Na'ura ta haɗiye littafi ta kama bugu. Ta cika shafi, ta tofo shi, ta ce a juya. Aka juya, ta sake cikawa. Lamduan ta dube ni ta ce, “Yau kuma aljanu ne a cikinta?” Har littafin ya ƙare tas na'urar ba ta gama ba. Muka saka tabarau muka duba. Baht tamanin da tara. Tamanin da tara. Ɗari da ashirin da tara. Tamanin da tara. Haka layi bayan layi, kamar jerin tururuwa.

Yarinyar da ke zaune a teburin tambaya a bankin ta buga mana sauran a takarda. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu aka ciri kuɗi, gaba ɗaya baht dubu ashirin da uku da 'yan kai.

“Pa, wannan biyan kuɗin wasannin waya ne,” in ji ta. “Ana sayen kwabban wasa da su. Wasu na yara ne, wasu kuma na caca.”

“Na me?”

“Na caca, wasu. Akwai wanda yake iya kai hannu ga katinki a gida? Jika ko...”

“Babu,” Lamduan ta ce. “Rufe katin.”

Yarinyar ta rufe, ta ɗauko wata takarda tana cewa in ba ita ta yi ba ta cike wannan a bincika. Lamduan ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta naɗe littafinta ta fita, ni kuma na bi ta da sauri ina rungume da dogon lissafin da ta bari a kan tebur.

Gida ta nufa. Ta zazzage wani buhun shinkafa, ta hau kwasar rigunan mijinta daga kan igiya. Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne, ni na riƙe mata bakin buhun. Ban ce mata ta tsaya ta tambaye shi ba. A raina cewa nake, mai hali ba ya fasa halinsa.

Wajen ƙarfe uku ya dawo, ya kashe keke, ya ga buhu a ƙofa. Ya daɗe yana kallonsa.

“Uwar Kung, me na yi?”

Ta miƙa masa littafin. Ya riƙe shi nesa da ido, don ba ya gani sosai in ba tabarau, ya juya shafi biyu, ya mayar mata. Na zaci zai rantse, ko ya yi ihu. Sai kawai ya ɗaga buhun ya ɗora a keke, ya ajiye mata cinikin ranar a kan matakala, ya tafi wurin ƙanensa mai kiwon agwagi a tsallaken kogi. Lamduan ta ce da ni, “Kin gani ko? Ko musu bai iya ba.”

Da abin ya tsaya a nan, da ban ba ka labari ba. Takardar nan da na ɗauko ce ta hana ni sakat. Na ajiye ta a ƙarƙashin tebur, in babu mai saye sai in zaro in yi ta bi da yatsa. Banda adadin kuɗi, akwai rana da lokaci. Nan na ga an ciri sau goma sha huɗu a cikin minti ɗaya. Na tsaya ina tunanin Lung Thawin. Mutumin da wayarsa mai maɓalli ce, a ɗaure da roba. Mutumin da in zai kira 'yarsa sai ya kawo min in danna masa, don yatsunsa biyu-biyu suke danna lamba. Shi ne zai yi sau goma sha huɗu a minti ɗaya? Na sake dubawa, na ga ranar sha biyu ga Fabrairu da ƙarfe bakwai na safe an ciri sau ashirin. A wannan safiyar kwakwata yake saukewa, buhu goma, ina tsaye a kansa muna gardamar ko tara ne.

Na kai wa Lamduan maganar, ta ce, “Wani ya ba lambar yake buga masa. 'Yan caca ba sa rasa aboki.”

“Yaya, to yaushe ya ga katin? Ke da kike barci da shi?”

“Ke dai matse kwakwarki.”

Na matse kwakwata, amma na buɗe kunne. Akwai Jae Kimlang, wato Yaya Kimlang, mai ƙwai, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana cin abinci. Kwana biyu na lura ta yi shiru, kuma jikanta da take yabo kullum ta daina ambatonsa. Na je sayen ƙwai goma da ba na bukata.

“Jae, ina Tong? An kwana biyu ba ki cika mana kunne da shi ba.”

“Yana nan.”

“Ni kuwa bankin nan ya ishe ni. An ce wai kuɗin mutane suna zirarewa, tamanin da tara, tamanin da tara.”

Ƙwai ya suɓuce mata ya fashe a ƙasa. Ta jawo ni bayan tebur ta ce, “Wa ya faɗa miki? Dubu shida, Sangwan! Na tsare yaron nan, ya yi ta kuka yana rantsuwa, na ƙwace wayarsa. Kar ki faɗa wa kowa, jikana ne.”

Kafin mako ya zagayo na samo biyar. Mai taliya tana zargin ɗanta, mai furanni tana zargin surukinta, mai naman alade ta daina magana da ƙanwarta. Kowacce ta rufe kati ta rufe baki, don a wurinmu gara kuɗi su tafi da a ce ɗan gidan wance ɓarawo ne. Ga mu a rumfa ɗaya, muna jin tarin juna, amma kowa tana ɗauke da abinta a ɓoye.

Abin ya ƙara ɗaure min kai. Bankinsu ba ɗaya ba ne. Na'urar da suke cirar kuɗi ba ɗaya ba ce, biyu ma ba su taɓa zura kati a na'ura ba. Ba wadda aka kira a waya aka ce ta karanto lamba. Ni kuma da nake tsakiyarsu, na je na buga nawa littafin, ko baht ɗaya bai yi ciwon kai ba. Me suka yi su shida da ni ban yi ba? Na yi ta juya tambayar nan har na zuba wa wata mata madara sau biyu a kuɗin ɗaya.

Ranar Laraba Jae Kimlang ta buɗe walat za ta ba ni canji, wani abu ya yi walƙiya a ciki. Ɗan ɓawon zinari ne, siriri, manne a fatar ciki, da wasu zane-zane na farar ƙasa a gefensa. Na tsaya da hannu a miƙe.

A wurinmu in shekara za ta shiga, mutum yakan sake walat, ya zaɓi launin da ya dace da ranar haihuwarsa, wasu kuma su kai a shafa masa zinari don ya riƙe kuɗi. Tsohon abu ne, kakata ma ta yi. A watan Janairu wani mutum mai fararen kaya ya kama haya a bayan tashar mota, ba na haikali ba ne, amma aka ce hannunsa yana da albarka, wai wata mai kifi a Phitsanulok ta ci babbar kyautar cacar tikiti bayan ya taɓa mata walat. Baht ɗari biyu da casa'in da tara yake karɓa. Ranar da matan kasuwa suka tafi wurinsa haƙori ya kwantar da ni, ban je ba, na yi ta jin haushi kwana uku.

“Jae, da kuka je wurin mai zinari, yaya yake yi?”

“Ki ɗora walat a faranti, ya shiga da shi bayan labule, ya yi addu'a minti tara, ya fito miki da shi.”

“Da komai a ciki?”

“Da komai mana. Cewa ya yi kuɗi ke kiran kuɗi. Na ma zaro katina, ya ce a'a, mayar, kati shi ne ƙofar arziki, in ba a shafe ƙofa ba ta ina...” Ta dafe tebur ta zauna a kan kwandon ƙwai, sa'a dai babu komai a ciki.

Wadda ta samo labarin mutumin, ta tara matan, ta yi musu cinikin mota, Lamduan ce.

Na bari sai da rana ta yi, kasuwa ta yi sauƙi, sannan na zagaya bayan teburinta.

“Yaya, katin nan bai taɓa barin hannunki ba?”

“Sau nawa zan faɗa miki?”

“Ko na minti tara?”

Tana cikin ɗaure yaji a leda. Hannunta ya tsaya. Ta ce, “Wannan ai ibada ce.” Na ce ban ce ba ibada ba ce, amma ta zo mu je mu gaishe shi. Muka je. Ƙofa a garƙame, mai gidan ta ce ya tashi tun farkon Fabrairu, ko labulen bai bari ba.

Washegari mu bakwai muka cika bankin Lamduan, har da waɗanda ba a nan asusunsu yake ba, don kowa tana so ta ji da kunnenta. Yarinyar nan ta teburin tambaya ta ɗauki wani tsohon kati ta nuna mana. Ta ce lambobin gaba, da ranar ƙarewa, da 'yan ukun nan na baya, in mutum ya ɗauki hotonsu ya gama, ba ya bukatar katin ko lambar sirri. Ƙananan kuɗi kuma wasu wuraren ba sa turo lambar tabbatarwa, shi ya sa ɓarayin suke tsinka a tamanin da tara.

“To shi minti tara me yake yi a ciki?” in ji mai taliya. “Hoto ai ƙiftawar ido ne.”

“Manna zinarin mana,” in ji Jae Kimlang. “Aikinsa yana da kyau, a faɗi gaskiya.”

Aka yi dariya, ban da Lamduan. Ita ta fara cike takardar da ta ƙi kallo a da. Da aka zo wurin da za a rubuta ko kati ya taɓa fita daga hannun mai shi, ta riƙe biro ta daɗe, sannan ta rubuta gaskiya da manyan baƙaƙenta na 'yar aji huɗu. Daga nan muka wuce ofishin 'yan sanda, ta tsaya a gaba ta ce ita ta kai su wurin mai zinari, a rubuta sunanta farko. Aka ba su sababbin katuna, aka rufe musu saye ta intanet, aka nuna musu yadda za su haddace lambobi ukun baya su kankare. Lamduan ta yi rajistar saƙon baht goma ba tare da ta yi ciniki ba. Bayan mako uku banki ya mayar mata da dubu goma sha tara. Jae Kimlang ta saya wa jikanta sabon takalmi, ta mayar masa da waya, yaro ya manta. Su yara haka suke.

Lamduan ba ta jira kuɗin ba. Ranar da muka fito daga wurin 'yan sanda ta sayi furanni da turaren tsinke da kyandir, ta jera a faranti yadda ake yi in za a nemi gafarar babba. A shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ko ta taka ka cewa take ka sa ƙafa a hanya. Ta ce in raka ta. Ko ba ta ce ba zan je.

Muka same shi a bakin kududdufi yana watsa wa agwagi dusa. Ya ɗan yi ƙiba. Ta durƙusa a kan ƙasar nan mai kashin agwagi, da ƙafarta mai ciwo, ta ɗaga farantin sama da kanta. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da cewa ita ta yi cinikin mota.

Ya goge hannu a wando ya karɓi farantin. Ya ce, “Na yafe, uwar Kung. Tashi, ƙafarki.”

Ta tashi tana share ido. Ta ce, “To ɗauko kayanka.”

Ya ajiye farantin a kan wani tulu. Ya juyo ya dube ta.

“Mutumin nan, kin san sunan ubansa?”

“A'a.”

“Kin san garinsu?”

“A'a.”

“Kin ba shi minti tara a bayan labule. Ni shekara talatin da huɗu muna tare, na tambaye ki me na yi, kika miƙo min littafi.” Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. “Shekara goma sha biyu kullum in na shawo kwanar gida sai na fara duba ƙofa, ko akwai kaya. Ran nan na duba na gani. Kin san abin mamaki? Tun da na zo nan barci nake kamar yaro.”

Na sunkuyar da kai, don ni ma maganar ta same ni. Matar da ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba ta rasa abin tayawa.

Can ta ce, a hankali, “To sai yaushe?”

Ya juya ya dubi garken. “Ƙanena ba shi da mai taimako. Bari waɗannan su fara ƙwai tukuna.”

Ita ma ta dube su. Farare ne, manya, masu faɗin ƙirji, suna tafiya da ƙyar saboda nauyi. Ni mai kwakwa ma na gane agwagin nama ne, kwana hamsin ake yi a kwashe su a mota a kawo wasu, babu wadda take kaiwa ga ƙwai. Balle ita da ta shekara arba'in a kasuwa.

Ta ce, “To.”